Ƙwaryar Baba Bot

"Kurɓi ɗaya fa, Datong! Kurɓi ɗaya kawai na ce!"

Yael ta faɗi haka tana jan kwandon kabejin da ya sauke mata a rumfarta da ke bakin titin Tina Junction. Masu keke na ta hon, kwandastoci na ihun fasinja, amma ita ba ta jin kowa sai shi.

"Ba zan sha ba."

"Ka ɗan taɓa da leɓe, ka miƙa wa na kusa da kai. Shi ke nan!"

"Yael, leɓena bai san ɗan taɓawa ba. Ke ma kin sani."

Ta sani kuwa. Duk ƙauyensu an sani. Datong manomin lambu ne, hannunsa na da albarka, amma a da in aka yi gayya aka fito da tulun burukutu, shi ne na ƙarshen tashi, kuma ba da ƙafarsa yake tashi ba. Daga burukutu ya koma goskolo, barasar nan mai ƙona hanji. Ita da kanta ta taɓa tsintar sa a gefen rafi ƙudaje na bin bakinsa. Ranar ta rantse ta bar shi har abada. Ba ta bar shi ba. So ba ya jin rantsuwa.

Ana haka ma'aikatan lafiya suka shigo ƙauyen suna karɓar lambar wayar duk mai son rabuwa da sha. Maza suka yi ta dariya, wai waya ce za ta raba mutum da tulu. Datong ya zagaya ya ba da tasa. Tun daga nan wata Sista Obianuju take kiransa kowace Laraba da yamma. Ba zagi, ba wa'azi, hira kawai da tambaya. Tun kafin damina bai ƙara sa komai a bakinsa ba.

Yanzu ga Asabar ta matso, ranar da danginsa za su je neman aurenta. A gidan Baba Bot, mahaifin Yael, akwai abin da aka gada: uban yarinya ya ɗebi burukutu a ƙwarya, ya kurɓa, ya miƙa wa saurayi. In ya sha, an zama ɗaya. In ya ƙi, ya raina gida. Baba Bot kuwa ba a yi masa wasa da wannan. Wani ɗan birni da ya zo neman yayarta Loyis, hankici kawai ya sa ya goge bakin ƙwaryar, tsohon ya nuna masa ƙofa.

"In ka ƙi, Baba zai kore ka," in ji ta. "In ya kore ka, ni ina zan sa kaina?"

Datong ya durƙusa yana tsince mata ganyen da ya lalace.

"In na sha kuma, wa za ki aura? Wancan na bakin rafi?"

"Haba masoyina..."

"Rabin raina, zaɓi ɗaya. Ni ko shi. Mu biyu ba ma shiga gida ɗaya."

Ta juya baya don kada masu sayen kaya su ga hawayenta.

Ran Laraba ta rufe rumfa ta tafi ƙauye taya mahaifiyarta, Mama Lai'atu, shirin baƙi. Ta tarar an jiƙa dawar burukutu tuni, warin tsimi ya cika bayan gida.

A ƙauyen nan waya ba ta kamawa sai a kan wani ƙaton dutse da ke saman gonar accar Baba Bot. Duk mai son kira sai ya hau. Da la'asar Yael ta hau dutsen don ta kira Datong. Kafin ta kai sama sai ta ji wata murya mai kauri tana fitowa daga waya.

"Kai yaro! Karɓi ka sha! Ka fi ƙarfin ƙwaryar gidana ne?"

Ta leƙa. Ga Datong a durƙushe shi kaɗai, ya ajiye waya a kan dutse, ya miƙa hannu biyu yana karɓar iska.

"Na gode, Baba. Na karɓi ƙwaryarka da girmamawa, amma ba zan sha ba!"

"Sake faɗa," in ji wayar, yanzu da muryar mace. "Ka ɗaga kai. Ba sata ka yi ba."

Yael ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka. Datong ya zabura.

"Yael! Tun yaushe kike nan?"

"Wai Babana ne wannan?"

"Amarya ce?" Sista Obianuju ta tambaya tana dariya. "Yi haƙuri, 'yar'uwa, ban taɓa ganin Babanki ba, yadda oga ya kwatanta nake yi. Mun daɗe muna gwaji. Wanda bai saba faɗin a'a ba, ranar da ya buƙace ta ba ta fitowa."

"Sista, in Baba ya kore shi fa?"

"Wannan ban san shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, kada ki ƙara roƙonsa ya kurɓa. Ranar, ki tsaya inda idonsa zai same ki."

Da suka sauko, Yael ta sami mahaifinta a tsakar gida yana gyara ƙotar fartanya. Ta durƙusa.

"Baba, zancen ƙwaryar nan... da za a yi haƙuri a bar ta..."

"Ƙwarya ƙwarya ce," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ta so ta ambaci Natana'el, yayanta da goskolo ta kai kabari yana saurayi. Ta haɗiye. A gidan nan ba mai faɗin sunan a gaban tsohon.

Asabar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, kawunnan Datong a gefe, dangin Yael a gefe. Aka yi addu'a, aka yi gaishe-gaishe, aka yi barkwancin da aka saba. Yael ta ƙi zama a ɗaki. Ta tsaya a bakin rumbu, daidai inda zai gan ta, tana murɗa gefen zaninta.

Baba Bot ya ɗebi burukutu, ya kurɓa, ya miƙa.

Datong ya rarrafo ya karɓa da hannu biyu. Ƙamshin ya bugi hancinsa. Yael ta ga maƙogwaronsa ya motsa.

"Na... na gode, Baba..."

"Sha mana!"

"Na karɓi ƙwaryarka da girmamawa, amma..."

"Kai Datong, kada ka kunyata mu!" wani kawunsa ya yi masa raɗa da ƙarfi. "Sha, mu tashi da mutunci!"

"Ka fi ƙarfin gidana ne?" Baba Bot ya daka tsawa. "Ko 'yata kake so, ko ba ka so!"

Datong ya ɗaga kai. Idonsa ya sami Yael. Kai kawai ta girgiza masa a hankali, hawaye na zuba.

"Ina son ta, Baba. Shi ya sa ba zan sha ba. In na sha wannan, gobe a bakin rafi za ku tsince ni. Ba zan sha ba!"

Mama Lai'atu ta dafe ƙirji. Yael ta rufe ido tana jiran a nuna masa ƙofa.

Sai tsohon ya yi tsaki.

"A kan dutse ka fi faɗa da ƙarfi."

Datong ya buɗe baki. "Baba?"

"Ina ƙasa ina korar tsuntsaye daga accata, kowace Laraba sai an ƙi ƙwaryata har kunnena ya gaji! Kuma ka gaya wa matar nan ta waya, muryata ba haka take ba. Ta mayar da ni kamar bunsuru mai mura."

Dariya ta ɓarke. Amma Baba Bot bai yi ba. Ya karɓi ƙwaryar daga hannun Datong, ya daɗe yana kallon cikinta.

"Na so in ji ko za ka iya faɗa a gabana, ba a gaban dutse ba." Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa. "Natana'el bai taɓa ce mini a'a ba. Ni na fara miƙa masa, ya karɓa don ladabi. Yaro mai biyayya... Da ya iya irin rashin kunyarka, da yau yana zaune a tabarmar nan."

Mama Lai'atu ta rufe fuska da gyale. Yael ta taho da gudu ta faɗa gefen mahaifinta.

"Baba..."

"Tashi, kin jiƙa mini riga. Lai'atu! Wanke ƙwaryar nan, ki zubo kunun acca."

Aka kawo. Tsohon ya kurɓa, ya goge gemu, ya miƙa. Datong ya kafa kai bai ɗago ba, kunu na bin haɓarsa.

"Datong!" Yael ta ce cikin kuka da dariya. "Kurɓi ɗaya ake yi fa!"

"Ƙyale mijinki," in ji Baba Bot. "Wannan ya shanye duka."