Lambar da Ke Jikin Kwalba

Yaya Abdulƙudus ya ce tun da ya dawo daga Faransa cikinsa ba ya karɓar madara sai "bio", wadda ba sinadari a cikinta, kuma daga ƙanshi yake gane ta. Sati uku ya yi a can.

Maijidda na tsaye bayan labule, tana sauraro. Yau Baba zai ba Rasmane amsa kan neman aurenta. In ya ce a'a, shi kenan, ba ya magana biyu. Ga shi tun da idonsa ya yi rauni, komai sai ya ji ta bakin wannan babban ɗan nasa mai lakwal, wato ɗan boko.

Shekara biyu suna tare da Rasmane. Jiya ma Rasmane ya ce mata, "Sanyin idona, ko me za a faɗa mini zan haɗiye." To, ga shi nan zaune kan tabarma gaban Baba yana haɗiya.

"Shanu nawa gare ka?" Yaya ya tambaya.

"Tara, Yaya."

"Tara! Baba ka ji ko? Me suke ci?"

"Ciyawa da harawa da dusa. Gonar ma ba na sa mata takin zamani. Wadda ta yi ciwo aka yi mata allura, ba na sayar da madararta sai maganin ya fita."

"Mon cher, wannan ai kiwon ƙauye ne! Ƙanwata ta tashi a Zango, a kai ta bayan unguwar Tampouy ta kwashi kashin shanu?"

Hawaye ya zubo mata. Ya Allah... Rasmane ka yi magana mana! Ina! Ta san shi, kunya ce za ta kashe shi.

Ta ji an buɗe firji, an dire kwalba a tebur.

"Voilà! Baba ɗanɗana ka ji aikin masu ilimi. Ba hoda, ba ruwa. Daga babban kanti nake sayo ta."

Baba ya kurɓa, ya sake kurɓa.

"Kai... rabona da irin wannan tun mahaifiyata na da rai. Ba ta tsaya mini a ƙirji ba. Masu ita su waye?"

"Turawa ne mana, da ji ka sani."

"Yaya, da ka bari..." in ji Rasmane a hankali.

"Manya na magana!"

"Akwai lamba a jiki?" Baba ya ce. "Kira min su, a riƙa kawo min kullum."

Yaya ya gyara murya, ya shirya Faransancinsa na zuwa banki. Maijidda ta damƙe labulen, tana jin ƙarar maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Sai waya ta hau ruri a kan tabarma.

"Wayar wa ke damun mu?" Baba ya tambaya.

"Tawa ce, Baba," in ji Rasmane. "Yaya ne ke kira. In ɗauka?"