Ranar da Hayaƙi Bai Tashi a Gidan Kaka Pyo Ba

Sufeto Namgung na tsaka da shan romon safe aka kawo masa rahoto: an tsinci Kaka Pyo ta ƙauyen Solgol a sume, hayaƙi ya buge ta cikin barci, washegarin ranar da ta hura wutar ɗumama ɗaki ta farko a bana. Maƙwabta sun jawo ta waje sun ɗura mata ruwan kimchi mai sanyi, wato ruwan tsimin kabeji, aka yi sa'a da sauran kwananta.

Kafin ya isa, mutanen Solgol, sarakunan gaggawa, sun gama shari'a. Sun kulle Bang magini a ɗakin ajiyar hatsi, don shi ya sake shimfiɗa duwatsun da zafin murhu ke bi ta ƙarƙashinsu a ɗakin Kaka. In ta tabbata ganganci ne, sai gidan yari, kuma ba mai sake ba shi aiki a kwarin nan.

"Ka sha giya ranar aikin?" in ji Sufeto.

"Ko ɗigo, ranka ya daɗe."

"Kai, Bang! Ko yanzu wari kake kamar tulun giyar shinkafa."

Bang ya sunkuyar da kai. "Na ɗan kurɓa. Amma sai da na gama."

"Ka yi gwajin hayaƙi?"

"Wane magini ne zai tafi bai yi ba? Na cusa ɗanyen ganye a murhu, na rarrafa ɗakin lungu-lungu, ko zaren hayaƙi bai ɓullo ba. Bututu kuwa sai tuƙuƙi yake."

Sufeto ya cire takalmi ya shiga ɗakin Kaka da rarrafe, yana shafa takardar mai da aka liƙe ƙasa da ita. Sumul, babu tsaga. A kicin ne ya tsaya cak. Bangon da ke saman bakin murhu ya yi baƙi ƙirin, sabon baƙi, har jikin ƙaramar ƙofar da ke shiga ɗakin kwana. Wutar nan baya ta yi numfashi, ba gaba ba.

Ya zagaya bayan gida ya tarar da maƙwabcin Kaka, Yom Sang-gu, zaune kan tabarma yana ferar manyan kanya. Waɗanda ya gama ya tsire su a igiya don su bushe, sun yi reto a bakin rufinsa, jajaye gwanin sha'awa, dab da bututun hayaƙin Kaka.

"Ka ga Bang ya yi gwaji?"

"Gwajin me? Mashayin nan? Ina zaune nan wuni guda, ban ga hayaƙi ba. Ni tausayin tsohuwa ne ya hana ni cin abinci."

"Allah sarki. Yaushe ka rataye kanyar nan?"

"Shekaranjiya da yamma."

Sufeto ya yaba kyansu, ya wuce.

Kaka Pyo na zaune a rana, an naɗe ta da bargo, kai na ciwo amma baki lafiya lau.

"Kaka, kina haɗa kwal da ɗanyen itace?"

"Da me zan haɗa, ɗan nan? Kai za ka saro min busasshe? Bara ma haka Yom ya zo yana kumfar baki, wai hayaƙina ya baƙanta masa kanya, 'yan kasuwa sun ƙi saye. Dole ya kwashe su ya kai can gaban gida, inda rana ba ta kaiwa."

Sufeto ya yi murmushi. Ya sa aka fito da Bang, aka tara jama'a, ya ce a sake gwajin a gaban kowa.

Bang ya cusa ɗanyen ganye ya kunna. Duk idanu suka koma kan bututu. Ba abin da ya fito. Sai ga hayaƙi ya turnuƙe kicin, mutane suka watse suna tari.

Sufeto da kansa ya hau tsani, ya zura ƙugiya ya jawo wani buhun kaba da aka dunƙule aka danna ciki. Da ya zazzage shi, ɓawon kanya ya zubo.

"Kowa na ferar kanya a garin nan!" Yom ya faɗa da ƙarfi, alhali ba a tambaye shi ba.

"Gaskiyarka," in ji Sufeto. "Amma bara hayaƙi ya kore ka zuwa gaban gida. Bana ka dawo da amfanin shekararka dab da bututu, ana gobe za a hura wuta. Wa zai yi haka, in ba wanda ya san hayaƙi ba zai fito ba?"

Wuƙar fira ta suɓuce daga hannun Yom.

"Ban yi nufin kisa ba," ya ce. "Na ɗauka murhun zai ƙi ci, ta koma wajen 'yarta har kanyata ta bushe."

"Ni na goya ka ranar da uwarka ta tafi gona, Sang-gu," in ji Kaka. "Ashe kanya ta fi ni."

Aka sa masa ankwa, aka wuce da shi ta ƙarƙashin igiyoyinsa, bai ɗaga kai ba.

Waɗanda suka kulle Bang da safe suka fara soshe-soshen ƙeya. Kaka ta daka musu tsawa su ba shi hanya.

"Bang, me kake jira? Sanyi zai kashe ni bayan kwal ya kasa?"

Bang ya durƙusa ya sake hura wuta. Hayaƙi ya miƙe daga bututu, fari tas, gari ya ɗauki sowa. Kaka ta dafa ƙasan ɗakinta, ta ji ɗumi na tasowa, ta leƙo ta taga.

"Sufeto, cire takalmin nan ka shigo. Kai kuma Bang, zauna can wajen da ya fi zafi. Yau ni zan zuba maka giyar da hannuna."