Awon Karkataccen Lambu

A shekarun farko na mulkin kai, akwai wata yarinya a Dogon Dutsi mai kaifin basira. Ita ce ta ɗaya a lissafi a ajinsu, kuma ta san da haka.

Wata rana kawunta Sallau ya zo ganin gida daga Dakar, inda yake karatun lissafi a jami'a. Ta iske shi a inuwa yana rubuta wata alama doguwa mai lanƙwasa, kamar ƙugiya.

"Kawu, mi ne ne wannan?"

"Da ita muke gano girman fili, ko da bakinsa a karkace yake. Zauna in gwada maki."

"Ai na gane!" in ji ta. Ta ruga waje abinta.

Washegari a lakwal, wato makaranta, ta zana alamar a allonta, tana ɗaga wa yara. Ƙawarta Zalihatu ta ce, "Koya mini mana."

"Wannan lissafin Dakar ne. Kanki ba zai ɗauka ba."

Ashe malaminsu, Mushe Buba, wato Malam Buba, yana ji. Ya ce, "Madalla! Za mu raba lambun lakwal tsakanin aji biyu, amma bakinsa ya bi ƙorama ya karkace. Zo ki faɗa mana girmansa."

Duk ajin suka bi ta zuwa lambun. Ta zana alamar a ƙasa. Ta dube ta. Ta sake zana wata babba. Yara suka fashe da dariya. Zalihatu ce kaɗai ba ta yi ba.

Ta koma gida tana kuka.

"Kawu, alamarka ba ta aiki!"

Ya yi murmushi. "Ɗiyata, kin ɗauki marfi kin bar tukunya. Yanzu za ki zauna?"

Ta zauna, ta ba shi labarin lambun. Ya zana lambun a yashi, ya yanka shi siri-siri.

"Dubi kowane yanki. Bakinsa ya kusa miƙewa, ko? Ki auna tsawo da faɗi, ki samu girmansa. Sai ki tara su duka. Ma'anar alamar ke nan: tarawa."

Ta ƙura wa zanen ido. Can ta ce, "In na ƙara sirantar da su, ai amsar za ta ƙara kusantar gaskiya!"

Kawu ya tafa hannu. "Wallahi, abin da malaminmu yake koya mana ke nan!"

Da safe ta nemi Zalihatu. "Ki yi haƙuri, na yi maki wulaƙanci. Za ki riƙe mini igiya?"

"Kawo," in ji Zalihatu. "Amma ki koya mini."

Suka ja igiya, sauran yara suna kafa tsinke. Rana ta yi zafi, ba wanda ya gudu. Suka auna, suka tara, suka raba lambun biyu daidai.

Mushe Buba ya duba lissafin a tsanake. Sannan ya kira shugaban lakwal. "Zo ka ga aikin ɗiyanmu! Ƙasar nan ba za ta rasa masu awo ba."

Yarinyar ta ji daɗi har cikin ranta. Ta kama hannun Zalihatu ta ɗaga sama.

Yara, kada ku ce kun gane alhali ba ku gane ba. Ku zauna ku saurara, ku yi tambaya. Abin da kuka koya da gaske, shi ne abin alfahari.