Matar da Ya Ƙi Gaisarwa

"Wace ce ita?"

Muna tsakiyar kanti, tsakanin layin sabulu da na madara, wata doguwar mace ta tsaya cak tana kallon saurayina. Shi kuwa ya sauke ido da sauri, ya hau karanta bayan kwalin sabulu kamar jarrabawa za a yi masa.

"Rigimammiyata, mu tafi..."

"Ka san ta ko ba ka san ta ba?"

"Ba zan ce eh ba, ba zan ce a'a ba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi!

Kowa Jagora yake kiransa, don aikinsa ke nan: yana tara mutanen da aka yi wa rasuwa a ɗaki ɗaya, su yi ta magana har zuciya ta yi sauƙi. A mota ya yi min bayani cikin natsuwar nan tasa mai ƙara min haushi.

"Ƙa'idar aikinmu ce. Wanda muke zama da shi, in na gan shi a waje ba na fara gaishe shi, kada a tambaye shi inda ya san ni. Abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita."

"Wato ka san ta!"

"Ban ce ba, zuciyata."

Da ma Baba ya ƙi maganar aurenmu. Ranar da ya fara ganinsa a falo fuskarsa ta canza, ya ce, "Ban da wannan." Ba dalili. Tun rasuwar Mama ya zama dutse, ba kuka, ba hira, balle in tambaye shi.

Sai na kai kukana wurin 'yar kawuna, mai karɓar baƙi a cibiyar da Jagora yake aiki. Na manta shaf ita ta riga ni cewa yana da kyau.

"Doguwa, mai tabo a haɓa?" Ta taɓe baki. "Ni dai ba ruwana... Kujerar gefensa tata ce. In ta yi kuka shi ke miƙa mata tishu. Kuma ƙofa a rufe ruf! Ki zo Laraba da yamma ki gane wa idonki."

Kishi ya hana ni abinci, ya hana ni tunani.

Laraba na yi, na wuce teburinta tana murmushi, na banka ƙofar ba sallama.

Kujeru ne a da'ira, ba tebur, sai kwalin tishu a ƙasa. Doguwar tana can nesa da Jagora, rungume da ƙaramar rigar jariri. Duk suna sauraron wani dattijo da ya ba ni baya, kafaɗunsa na rawa.

"...har yau ban iya buɗe durowarta ba. 'Yata tana zaton na manta da uwarta..."

Na san muryar.

"Baba?"

Jagora ya miƙe, ya tsaya tsakanina da su. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Fita, don Allah. Mutanen nan amana suka ba ni." Ya juya gare su. "Ku yi haƙuri. Za mu tattauna wannan kafin mu tashi."

A kan benci na zauna ina kuka har aka tashi. 'Yar kawuna ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Doguwar ta wuce ni ba ta ko kalle ni ba, kunya ta kusa kashe ni.

Baba ya fito, Jagora na bayansa.

"Da ya gane ni mahaifinki ne, ya nemi mayar da ni wani rukunin," in ji Baba. "Ni na ƙi. Ba zan iya sake labarin daga farko ba. Amma a ce wanda ya ga hawayena ya zama surukina? Na kasa."

"Shi ya sa ka hana ni shi?"

Ya sunkuyar da kai.

Sai wani sabon kishin ya taso min, wanda ya fi na farko zafi.

"Baba, baƙi sun ga kukanka, ni ban gani ba! Ni ma fa uwata ce! A banɗaki nake nawa kukan don kada ka ji!"

Ya jawo ni jikinsa, muka yi shi tare a bakin ƙofa.

Da muka lafa ya kalli Jagora.

"Na hana ka ita, ka san dalili, ba ka tona ni ba ko da kalma. Ka turo manyanka. Mako mai zuwa zan koma ɗayan rukunin."

Na ɗago ina jan hanci, na dubi Jagora. "Ka yafe min?"

"Na yafe, rigimammiyata. Amma su sai kin nemi tasu yafiyar."

"To... doguwar nan, sunanta wa?"

Ya yi murmushi.

"Ko bayan aure ba za ki ji ba."