Maganin Miracle Sai da Mutum Biyu

Dorathy tana durƙushe tana goge aman Miracle daga tabarma ta ji sallama a ƙofar gida, gabanta ya faɗi. Mama Salome ce, mahaifiyar Edwin, saurayin da ke neman aurenta. Ba mace ba ce mai taka gidan mutane haka kawai, balle ta baro Kolere ta zo har Sahuda da damina, a hanyar da ko mai babur sai an lallashe shi.

Miracle ɗan yayarta Margret ne. Margret ta rasu wajen haihuwarsa, uban kuma ya tsallaka Kamaru da sunan neman aiki, har yau ko gaisuwa. Dorathy ce ta raine shi da madarar gwangwani da keken ɗinkinta har ya wuce shekara biyu. Tun ranar da Edwin ya fara zuwa zance ta gaya masa gaskiya, duk wanda zai ɗauke ta da yaron zai ɗauka. Edwin, malamin firamare mai sanyin hali, ya ce ai dama su biyun ya gani yake so. Dangi duk suka amince, ban da Mama Salome. Ita ta kafe sai an mai da yaro dangin ubansa a Bahuli, in ba haka ba kada a nemi albarkarta. Edwin ya durƙusa ya roƙa, ya tura fasto, ya tura kawunsa Zacharia, duk a banza. Daga ƙarshe ya ce ba zai yi aure babu albarkar uwa ba, ba kuma zai raba Dorathy da yaron ba, zai jira. Jiran ne ya ishi Mama, ta taso ta yanke maganar da bakinta.

Ko ruwan da aka kawo mata ba ta kalla ba. Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya.

"'Yata, ni ban ƙi ki ba," in ji ta. "Amma yaro nan yana da masu shi. Ki kai musu kafin girbi, mu sa rana."

Dorathy ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a zanenta. "Mama, ki yi haƙuri. Ina son Edwin, Allah ya sani. Amma in sai na ajiye Miracle zan shiga gidanku, to zan zauna a nan."

Ba ta taɓa faɗin maganar da ta ƙona mata zuciya kamar wannan ba, amma da ta fito sai ta ji ta iya ɗaga kai. Mama Salome ta miƙe, ta ce to shi ke nan, kowa ya riƙe nasa. Ba ta kai ƙofa ba yaron ya tsandara kuka daga ɗaki.

Jikinsa ya sake ɗaukar zafi rau. Da safe Dorathy ta kai shi asibitin unguwa, aka gwada jini aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi masa allura. Da yake ko ruwa ya sha sai ya dawo, balle maganin cokali, nas ta ba ta na cusawa ta dubura domin sauke zafin jiki, ta nuna mata yadda ake yi da lokacin da za ta sa. Ɗan ƙaramin abu ne fari kamar ƙwallon dabino, a rufe cikin ledarsa. Lokacin kuwa ya yi, ga mutanen gida duk suna gona.

Dorathy ta gwada ita kaɗai. Miracle ya ce bai san wannan zance ba, ya dinga harbi da ƙafa yana juyi, maganin da dama zafin ɗaki ya sa ya yi laushi ya narke mata a yatsa. Saura guda ɗaya. Mama Salome tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo, baki a taɓe. Ta haifi bakwai, ba ta taɓa jin magani ya shiga ta ƙofar baya ba, kuma ba ta ɓoye hakan ba. Amma da yaron ya ɗago jajayen idanunsa, sai ga jaka a ƙasa.

"Ke, miƙo shi nan. Aiki nan ba na mutum ɗaya ba ne."

Dorathy ta jefa ragowar maganin da ledarsa cikin kofin ruwan randa domin ya yi tauri, ta wanke hannu da sabulu. Mama ta kwantar da yaron ta gefe a cinyarta, ta naɗe masa ƙafar sama zuwa ciki kamar yadda aka ce mata, ta shiga yi masa wata tsohuwar waƙa da yarensu na Kamwe. Dorathy ta ɓare maganin, ta jiƙa bakinsa da ruwa, ta tura shi a hankali ta wajen tsinin. Miracle ya yi ƙara ɗaya. Daga nan ta roƙi Mama ta haɗe masa ɗuwawu da hannu ta riƙe na ɗan lokaci, kada ya turo shi waje, kada kuma ta bari ya tashi. Haka matar da ta zo korar yaro ta zauna riƙe da shi, ba halin motsi.

Kukan ya koma ajiyar zuciya, ɗan hannunsa ya damƙi bakin zanenta. Can Mama ta fara magana, idonta na kan yaron. Ta ce da ƙuruciyarta a Michika an ba ta rainon Aaron, ɗan ƙanen mijinta, tun yana tsumma. Ta goya shi, ta yaye shi, sai da ya isa shiga makaranta masu shi suka zo da mota suka ɗauke abinsu, ko sallama ba a bari sun yi ba. Har yau ba ta iya kallon hotonsa. Wannan zafin ne ba ta so Edwin ya ɗanɗana.

Dorathy ta ce a hankali, "Mama, da za a mai da ke baya, za ki ƙi rainon Aaron?"

Mama Salome ta dubi yaron da ke cinyarta. Ta share ido da gefen kafaɗa, don hannuwanta ba su da sarari. "Da na sake goya shi," in ji ta.

La'asar sakaliya Edwin ya shigo, wando duk taɓo, don rafi ya cika sai da ya turo babur da ƙafa. Tun da ya ji uwarsa ta nufi Sahuda ya baro makaranta, yana ta shirya kalmomin roƙo a hanya. Ya tarar Miracle ya yi sharkaf da gumi, jiki ya yi sanyi, yana barci a cinyar Mama. Ya durƙusa zai fara, ta ɗaga masa hannu.

"Rage murya, mijina yana barci."

Edwin ya dubi Dorathy, ta rufe fuska da ɗankwali tana kuka da dariya a haɗe. Kowa ya san kaka ba ta kiran yaro mijinta sai jikanta ne. Mama ta ci gaba da mita, wai wane irin miji ne wannan da ranar haɗuwarsu ta farko zai jiƙa mata zanen coci da fitsari.

Bayan girbi aka ɗaura auren. Dorathy ta shiga coci kai a sama, babu abin da ta bari a baya, Edwin kuma bai saɓa wa uwarsa ba. Wanda ya yi haƙuri ya riƙe amana ba ya taɓewa, ko da an juya masa baya na ɗan lokaci. Ranar da wata 'yar biki ta tambayi ɗan waye wannan a bayan uwar ango, Mama Salome ta gyara goyonta ta ce, "Namu ne."