Kwaɗon Katako a Gurbin Dogo

Sallau, kife wayar nan. Ladidi, in kin san tsoro za ki ji, tashi tun yanzu, don ba zan raka kowa ɗaki ba. Kun dame ni sai na faɗi abin da ya raba ni da kogi. To ku matso. Ba zan ɗaga murya ba.

Kun dai san yayanku Mati. A aji biyu na sakandare aka sallame ni, saboda kadangaren da na ajiye wa malamin lissafi a aljihun riga. Ban yi asarar komai ba. Abin da ke cikin kaina babu shi a littafinsu. Duk masuntan garin nan, babu wanda ya taɓa kama tsage ba tare da ya sa wa ƙugiya tana ko ɗan kifi ba, sai ni.

A tashar Yawuri na ga abin, a wayar wani direba. Wani Bature ne cikin jirgi yana jefa ɗan katako a kan ruwa, yana fizga, sai wani dogon kifi mai haƙora ya taso ya cafke. Sau biyu kawai na kalla. Na ce wannan ai ɗan'uwan tsagenmu ne. Na dawo gida na sassaƙa reshen rimi kamar kwaɗo, na rarake masa baki, na shafe shi da ragowar koren fenti, na rataya masa ƙugiya uku. Tsage yana datse zare da haƙori, don haka na haɗa shi da wayar burkin keke tsawon kamu ɗaya. Zaren kuma na naɗe a gwangwanin madara.

Kawu Nomau ya same ni a bakin ruwa ina gwadawa. Ba ku san shi da ƙarfinsa ba. Lokacin shi ne babban masunci, kuma bai taɓa kallona da idon rahama ba.

"Mene ne wannan?"

"Kwaɗo ne, Kawu."

"Uban wa zai ci katako?"

"Tsage."

Ya tofar da yawu dab da ƙafata. "Boko ya gagare ka, su ya gagare ka. Allah ya jiƙan ƙanwata, ba ta zauna ta ga wannan asarar ba."

A makon nan na kama tsage bakwai. Kowanne sai na bi da shi ta ƙofar gidansa, ina tafe a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Rana ta bakwai ya tare ni.

"Saurara, mara kunya. A tudu ake koyar da su. In kana kan ruwa, ko ɗan cikinka ne ya tambaye ka yadda ka yi, ka ce ba ka sani ba. Na ƙasa suna ji."

Na ce, "To su taho da allonsu."

Ya ɗaga hannu, na goce.

Akwai lanƙwasar nan bayan tsibiri, wadda ake kira Gurbin Dogo. Ruwan wurin baƙi ne. An taɓa ɗaura gora uku a jere aka zura, ba ta taɓa ƙasa ba. Ba a zuwa shi kaɗai, balle lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Amma a can manyan tsage suke. Ni kuwa na ƙudurta sai na kamo wanda ya kai Kawu tsawo, in shimfiɗa masa a zaure. Saboda haka na tafi da tsakar rana, don kada kowa ya biyo ni ya ga inda na samo.

Ina shiga lanƙwasar, iska ta ɗauke. Babu tsuntsu. Ruwan ya kwanta kamar an goge shi.

Na jefa kwaɗona. Na fizga sau biyu. Bulƙ, bulƙ. Na tsaya.

Ruwa ya tsage. Kifin ya yi tsalle har sau uku kafin in jawo shi, zaren yana yanka mini yatsu. Na buge masa kai, na cire ƙugiyar, na naɗe wayar a jikin katakon da nake zaune a kai. Ina cikin dariya ni kaɗai na ji magana.

"Me ka ba shi?"

Mutum ne tsaye, kamar taku goma daga jirgina. Dogo, siriri, da tsohuwar riga ruwan toka. Ruwa iya idon sawunsa. Na ɗauka matafiyi ne mai neman mashigi.

Na ce, "Ba a sallama a garinku?"

"Nan ne garinmu. Me ka ba shi?"

"Katako."

"Ƙarya kake."

"Ga shi a hannuna, tsoho. Ko idon ma ya tafi?"

"Babu mai rai da zai bar gidansa saboda katako. Sa'a ka yi. Ba ka iya komai ba."

Kun san ni da wannan kalmar. Da zagina ya yi da na bar shi. Amma ya ce ban iya ba.

Na ce, "Buɗe kunnenka, don sau ɗaya zan faɗa. Ba kullum yunwa ke kawo tsage ba. Haushi ne. Ka fizga sau biyu, ka tsaya. Tsayawar nan ita ce aikin. Yana ƙasa yana kallo, ransa yana ɓaci, ga abu a kansa ya ƙi gudu. Kai ba ka binsa. Shi zai zo da kansa."

"In bai zo ba?"

"Ka sake masa wani. Kowane kifi da abin da ba ya iya kau da kai a kansa."

"Kowane?"

"Kowane."

Ya tsura mini ido. Ina jiran ya yaba. Sai a lokacin na lura tun da muka fara magana bai ƙifta ido ba.

"Mu ba ma taɓa wanda bai miƙo hannu ba," ya ce. "Haka aka yi da kakanninku. Mun daɗe muna jira. Ashe kira ake yi."

Leɓensa ne ke motsi, amma maganar ta ƙarƙashin jirgi take fitowa. A tafin ƙafata nake jin ta. Na dubi inda yake tsaye. Tsakiyar gurbin ne. Nan aka zura gora uku.

Ya fara yin ƙasa a miƙe, kamar ana rage masa ƙafafu. Gwiwa. Ƙugu. Wuya. Idon yana kaina har ruwa ya rufe shi. Ko da'ira ɗaya ruwan bai yi ba.

Na ɗauki filafili na hau tuƙi. Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Na ɗaga kai, gaɓa tana inda take. Ba ta matso ba ko taku ɗaya.

Bulƙ, bulƙ.

A hannun damana. Giwan ruwa ce ta taso, cikinta a sama, ta kusa kai ɗan maraƙi. Da sauran rai a jikinta. Hannu kawai zan sa a bakinta in jawo, a yi shekara ana labarina. Wallahi hannuna ya riga ya haye bakin jirgi. Sai ta motsa sau biyu. Ta tsaya.

Na janye hannun, na zauna a kansa.

Nan na gane lissafin. In fatata ta taɓa ruwan nan, ba zan koma gida ba. Kuma ba za a jawo ni ba, ni zan kai kaina.

Giwar ta nutse. Aka daɗe babu komai. Rana tana dukan ƙeyata, maƙogwarona ya bushe, ga ruwa ko'ina ba halin ɗiba.

Bulƙ, bulƙ.

Malafa ce wannan karon. Ta Kawu Nomau, har da facin jar fata a gefenta. Ta zo dab da jirgi ta tsaya. Muryar Kawu ta fito daga ƙarƙashinta.

"Asararre."

Na cije leɓe.

"Ɗan aji biyu. Uwarka baƙin cikinka ne ya kwantar da ita. Kowa ya sani, kai kaɗai ake ɓoye wa."

"Rufe mini baki."

"Zo ka rufe. Ai ba ka iya ba."

Ban san lokacin da na ɗaga filafili na maka wa malafar ba. Allah ya so ni, da icce na kai duka, ba da hannu ba. Wani abu ya cafke shi daga ƙasa. Na ga haƙora, jere biyu, kowanne kamar yatsana. Fizga ɗaya ya yi, na saki, na faɗa da baya cikin jirgi.

Yanzu babu filafili. Daga ni sai mataccen tsage da kwaɗon katako.

Sai ga filafilin ya taso. Lafiyarsa ƙalau, ko shaidar haƙori babu. Ya zo ya kwanta a gefen jirgi, mariƙinsa yana kallona.

"Ɗauki ka tafi gida," aka ce daga ƙasa. "Wasa nake."

Na ce, "Riƙe, na ba ka."

"Da me za ka tuƙa?"

"Ina ruwanka?"

Filafilin ya motsa sau biyu. Ya tsaya. Ni da na koyar da abin, sai da na ji yatsuna suna ƙaiƙayi.

Amma ni ma mai jifa ne. Na san abin da ke sa mutum ya naɗe zarensa ya tafi: kifin da ko kallo bai yi ba. Na kwanta a cikin jirgin, kaina kusa da na tsagen, na ja riga na rufe fuska. Na damƙe kwaɗon a hannun dama don in sami abin riƙewa. Aka ƙwanƙwasa ƙasan jirgi. Na yi banza. Aka kira ni da muryar malamin lissafi, har na kusa dariya. Aka yi kukan jariri. Ban motsa ba.

Sai aka yi shiru mai tsawo. Na ce ya gaji.

"Matina."

Mutum ɗaya ce take kirana haka, mahaifiyata. Shekara huɗu ke nan da muka binne ta.

"Matina, ruwan da sanyi. Na gaji. Kama ni."

Ba zagi, ba faɗa. Muryarta ta lokacin jinya, wadda take cewa in ɗaga ta ta zauna. Na san ƙarya ce. Ku ji ni da kyau, na sani. Amma na yaye rigar na tashi. Ga hannu a kan ruwa, da zoben azurfarta a yatsa. Ya motsa sau biyu.

Na kai hannu da duk ƙarfina.

Na manta kwaɗon yana ciki, na manta wayarsa tana naɗe a katakon zama. Kamu ɗaya ce tsawonta. Ta miƙe, ƙugiya uku suka shige tafin hannuna har gindi, suka tsayar da ni. Tsakanin yatsuna da ruwa bai fi faɗin ɗan yatsa ba. Zafin ya hau mini kai, idona ya washe. Abin da ke kan ruwan ba hannu ba ne. Baki ne a buɗe.

Na koma na zauna, jini yana bin gwiwar hannuna. Ban cire ƙugiyar ba. Na ƙara naɗe wayar a wuyan hannun hagu, na haɗa su biyun na ɗaure.

"Kai ne kifi na farko da ya kama kansa," aka ce. Babu dariya a ciki. "Akwai wasu."

Can daga hayi na jiyo kiran sallar azahar, siriri. Iska ta taɓa mini fuska. Jirgin ya juya da kansa, ruwa ya ja shi a hankali har cikin ciyawar gaɓa.

A nan Kawu Nomau ya same ni da la'asar, malafarsa a kansa. Ya dubi hannuna, ya dubi jirgi babu filafili. Ya zaro wuƙa ya tsaga tafin ya fitar da ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya, bai ce sannu ba. Sai da ya jawo ni tudu, nesa da ruwa, sannan ya yi magana.

"Ya tambaye ka?"

"Ya tambaya."

"Ka faɗa masa?"

"Na faɗa."

"Duka?"

"Duka, Kawu."

Na jira mari. Na jira zagi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai, tsoho da shi, ya daɗe a haka. Daga nan ya tashi ya bi gida gida yana faɗa wa masunta.

Tun daga shekarar abubuwa suke yawo a Gurbin Dogo. An ga tulu sabo. An ga ɗan akuya yana kuka. Bara wani baƙo mai fataucin busasshen kifi ya bi ta wurin shi kaɗai, an gaya masa bai ji ba. Jirginsa aka samu, da takalmansa a jere a ciki.

Don haka, Sallau, na ji kana cewa gobe za ka tsibiri. Kada ka bi ta lanƙwasar nan kai kaɗai. Ku tafi ku biyu, kuma ka zaɓi wanda ya fi ka ƙarfi, wanda zai iya danne ka in ka fara miƙa hannu. Kada ka ce ai za ka gane. Ya ƙware. Ni na koya masa, kuma ban rage komai ba.