Taraktar Honarabul Mai Sauya Launi

Ranar da Juwairiya ta fara ganin Zulkifilu, rabin mayafinta kore ne shar, alhali fari ta yafo daga gida.

A Kwandere ne, wajen bikin miƙa wa manoma sabuwar tarakta. Wani ƙaramin gidan rediyo da take wa aiki a Lafiya ne ya turo ta ɗauko rahoto. Jawabin Honarabul Ibrahima, shugaban kwamitin tallafa wa manoma, ya ƙi ƙarewa, ƙafafunta suka gaji, sai ta jingina da taraktar. Da ta zo ɗagowa, mayafi ya ƙi biyo ta.

"Subhanallahi! Sannu 'yar'uwa," in ji wani dogon saurayi, yana miƙo mata hankici. "Sunana Zulkifilu, ni ne mai magana da yawun Honarabul."

"Madalla, da ma irinka nake nema. Sabuwar tarakta da ɗanyen fenti take fitowa daga kamfani?"

Ya dubi inda ta jingina. Koren ya goge, ja ya leƙo daga ƙarƙashi.

"Zafin rana ne," ya ce.

"Makon jiya a Azuba jar tarakta kuka miƙa."

"Wannan ai... ƙanwarta ce."

Dariya ta ƙwace mata ba ta shirya ba. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta, har ya manta ana kiransa a lasifika. Kafin a watse ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa turo mata sanarwar kwamiti.

Sanarwar farko da ta shigo wayarta ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum. Kwamiti na baƙin cikin abin da ya sami mayafinki. Ni kuma, a ƙashin kaina, ina ganin kore ya fi yi miki kyau. Kin isa gida lafiya, Koriyata?"

Ta amsa: "Lafiya lau, Sarkin Musu. Taraktoci nawa kuka sayo?"

"Goma aka ce in ce."

"Kai nawa ka gani da idonka?"

Sai can ya rubuto: "Kin ci abinci?"

Haka suka ci gaba. Da safe ta yi tambaya a rediyo, da rana ya fitar da takardar musantawa, da yamma ya kira ta ya ji ko ta gaji. Ita kuwa ta shiga ƙauyuka a kan babur, tana neman taraktocin da aka yi wa biki. A wani ƙauye ta sami wata manomiyar doya mai suna Doosuur, wadda ta ajiye fartanya ta kama ƙugu, ta yi magana da Hausarta ta 'yan koyo.

"Ni na san wannan tarakta," in ji Doosuur. "Lokacin da ya zo garinmu shuɗi ne. In ya tashi yana tari kamar mijina Iorfa. Mun yi rawa, mun ba Honarabul doya. La'asar na yi babban mota ya zo ya ɗauke shi. Yanzu ruwa ya sauka, gona yana jira, wa zai yi mana huɗa?"

Wannan tambayar ta daɗe tana damun Juwairiya, don a nan babu abin dariya.

A gida kuma wata rigimar ce. Da mahaifinta, Alhaji Ari, ya ji wanda ke zuwa zance, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Yaron da aikinsa kullum ya ce ba haka ba ne? Gobe in kin kawo ƙararsa, takarda zai fitar ya musanta. Ga Siddiq ɗan aminina, shagonsa na ta bunƙasa, shi na yi wa izini."

A can gidan su Zulkifilu, Goggo Salamatu, yayar baffansa Honarabul, wadda ta reni Zulkifilu tun rasuwar mahaifinsa, ta fi Alhaji zafi.

"Yarinyar da ke tsinka baffanka a rediyo? Shi ya biya maka makaranta! Ka kawo mana ita, ranar da miya ta yi gishiri duk Nasarawa ta ji?"

Siddiq ya zo zance cikin farar shadda, ƙamshin turarensa har bakin titi. Mutum ne mai son a san ya samu. Juwairiya na zaune tana kallon farcenta, sai ta ji yana cewa:

"Ni yanzu gwamnati nake wa harka. Kwamitin manoma a wurina suke ɗaukar fenti. Yau ja, jibi kore, wani makon shuɗi. Yarana ne ma ke fesa musu a bayan gareji."

Ta ɗago kai a hankali, ta sakar masa murmushin da bai taɓa samu ba.

"Ikon Allah! Yaya Siddiq, za ka iya maimaita wannan a saka a rediyo?"

"Muryata a rediyo? Kunna, kunna! Ki tabbata kin faɗi sunan shagon."

Daidai lokacin keke napep ya sauke Zulkifilu da ledar lemo a hannu. Ya hango ta ta matsa kusa da Siddiq, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Bai ƙarasa ba, ya koma cikin keken da ya kawo shi.

Washegari rahoton ya fita, gari ya ɗauka. Honarabul ya kira manajan gidan rediyon ya ce zai janye duk tallansa, manaja ya shaida wa Juwairiya cewa aikinta na rawa. Sannan Honarabul ya juya kan ɗan ɗan'uwansa.

"Kai ka ba ta labari! Ta yi maka fari da ido ka zazzage mata cikinka!"

Zulkifilu ya rantse bai faɗa mata komai ba, amma maganar ta zauna masa. Ya tura mata saƙo:

"Ashe duk wanda ke da labari haka kike masa murmushi. Na gode. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mai fenti."

Ta karanta, ranta ya ɓaci, ta rubuta: "Kai da ba ka taɓa ba ni amsar tambaya ko ɗaya ba, wane labari na samu a wurinka? Da don aiki nake kula ka, da tuni an kore ni."

Kwanaki suka wuce ba kira ba saƙo. Mahaifiyarta, Hajiya Falmata, ta lura abinci na dawowa yadda aka kai wa Juwairiya shi.

Sai Honarabul ya nemi a ba shi fili a shirinta na kai tsaye don ya kare kansa. Bai zo ba, ya turo Zulkifilu da takarda, a ciki an rubuta cewa 'yan adawa ne suka sayi Juwairiya.

Suka zauna a situdiyo suna fuskantar juna, kowa ya sha kunu. Ta gabatar da shi da cikakken sunansa kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Sannan ta saka muryar Doosuur, har inda take tambayar wa zai yi musu huɗa.

"Malam Zulkifilu, me kwamiti zai ce wa wannan baiwar Allah?"

Ya buɗe takardar. Ya karanta layin farko a zuci, ya dubi Juwairiya, ya ga yadda ta rame. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Jama'a, tarakta ɗaya na taɓa gani. Sauran tara ban san inda suke ba. Baffana ne, ya yi mini komai a rayuwa, amma wannan 'yar jarida gaskiya ta faɗa, kuma babu wanda ya saye ta. Daga yau na ajiye aikina."

Ta daburce, ta ce za a tafi talla, ta cire abin kunnenta. Shi kuma ya sauke murya.

"Koriyata, ki yafe mini. Tun ranar ban ƙara cin abinci na ƙoshi ba. Don Allah ki ce ba kya son mai fentin nan."

"Kai ma ka sani, Sarkin Musu. Wa nake so in ba kai ba?"

Sai suka ga furodusa ta bayan gilashi yana ɗaga hannuwa kamar mai korar kaji. Ashe talla ba ta tafi ba, makirufo a kunne yake. Daga kasuwar Lafiya har Kwandere, babu wanda bai ji ba. Alhaji Ari ma a shagonsa ya ji, a tsakiyar abokansa.

Cikin 'yan makonni hukuma ta kafa kwamitin bincike. Aka sauke Honarabul, aka tilasta masa fito da abin da ya yi saura, taraktoci na gaske suka isa wasu ƙauyukan kafin damina ta yi nisa. Siddiq kuwa ya sha zuwa amsa tambayoyi har ya daina son jin muryarsa. Manajan da ya ce aikinta na rawa ya koma yana cewa shi ya horar da ita.

Alhaji Ari dai ya ce har yanzu da saura. "Da maƙaryaci ne mai albashi, yanzu mai gaskiya ne marar aiki. Da wanne zai ciyar da ke?"

Amsar ta zo a bayan a-kori-kura. Doosuur da mijinta da shugabannin ƙungiyar manoma suka sauke doya a ƙofar gidan, suka ce sun ɗauki Zulkifilu sakatarensu.

"Baba, ka ba shi yarinya," in ji Doosuur. "Duk gari ya riga ya ji. Wa zai aure ta kuma?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce a turo magabata.

Goggo Salamatu ce ta fi wuya. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta daina gaisawa da kowa. Juwairiya ta riƙa zuwa gaishe ta, tana durƙusawa har ƙasa, ko an amsa ko ba a amsa ba. Ranar nan Goggo ta dube ta ta ce, "Ibrahima ƙanena ne, amma tun yana yaro in an aike shi sayen mai rabin kwalba yake kawowa. Tashi ki zauna a kujera."

Bayan Sallah aka ɗaura aure, aka kai amarya wani ɗan madaidaicin gida a Azuba. Goggo ta kama hannun Juwairiya ta ɗora a kan na Zulkifilu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya kau da shaiɗan daga tsakaninku. Kai ka riƙe ta amana. Ke kuma 'yata, duk abin da kika gani a danginmu, ba na rediyo ba ne."

Ɗaki ya ɗauki dariya da guɗa. Amarya ta sunkuyar da kai cikin lulluɓi, ango ya matse hannunta, su biyun suka ce amin.